Shagunan rubuta furofozal a Kaduna: inda suke da amfani da inda suke kai mutum su baro

Da zarar jami'o'i sun fara sayar da fom ɗin digiri na biyu da na uku, shagunan kwamfuta da ke kewaye da manyan makarantu sukan ƙara layi ɗaya a jikin allonsu. Bayan buga takardu da fotokwafi da bayindin da rajistar intanet, sai ka ga an rubuta cewa ana yin furofozal, wato daftarin binciken da ɗalibi ke son yi, da takardar bayanin manufa. Akwai su kusa da Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ta wajen titin Tafawa Balewa, akwai su a Tudun Wada gefen Kadpoly, ga kuma na Samaru da Kongo a Zariya. Wasu ma ba su da shago, lambar WhatsApp ce kawai ke yawo a zaurukan tsofaffin ɗalibai. Sharhin nan a kan hidimar yake baki ɗaya, domin salon aikin kusan ɗaya ne ko'ina, kyawun hannu ne ya bambanta.

Mai neman digiri na farko a Najeriya ba shi da buƙatar wannan hidima. Hanyarsa JAMB ce, da sakamakon WAEC ko NECO, da tantancewar da jami'a ke yi bayan UTME. Masu buƙata su ne masu neman mastas da PhD a sassan da ke son ganin daftarin bincike kafin ko bayan ba da gurbi, a ABU ko KASU ko makarantar gaba da digiri ta kwalejin horar da hafsoshin soja (NDA), sai malaman da ke neman tallafin asusun manyan makarantu na TETFund, sai masu neman karatu a waje ta hanyar tallafin karatu na PTDF ko Chevening ko Commonwealth.

Hukuncinmu a taƙaice: aikin hannu a shagunan nan ya cancanci kuɗinsa, wani lokaci har da tukuici. Aikin tunani kuwa, wato zaɓen maudu'i da gano matsala da tsara hanyar bincike, a nan ake asara, kuma ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba.

A fara da inda suka iya. Yaron da ya shekara biyar yana buga kundayen ɗalibai ya san ƙa'idar shafi fiye da malamai da yawa: takarda A4, rubutun Times New Roman mai girman 12, tazarar layi biyu ko ɗaya da rabi, gefe inci ɗaya, na hagu kuma inci ɗaya da rabi idan za a yi bayindin don kada ɗinki ya cinye farkon layi. Ya san yadda ake sa shafukan farko su ɗauki lambar Romawa, sauran su ɗauki lambar da aka saba, abin da ke cinye wa baƙon Word yini guda. Ya san yadda ake sa jerin abubuwan da ke ciki ya fito da kansa, ba a yi ta ɗiga ɗigo da hannu ba. Wannan ka biya ba tare da ciniki mai yawa ba. Abin lura ɗaya shi ne, tunda da shafi ake lissafi, wasu sukan faɗaɗa tazara ko su bar rabin shafi fayau a ƙarshen kowane sashe. Ma'aunin mai sauƙi ne: shafi mai tazara biyu da rubutu 12 yana ɗaukar kalmomi 250 zuwa 300, don haka daftari mai kalmomi 2,000 bai kamata ya wuce shafi bakwai ko takwas ba, ban da manazarta. Idan an miƙo maka shafi goma sha huɗu, iska ka saya.

Gyaran Turanci ma yana da amfani, amma a shago kaɗan ake samun mai yin sa da kyau, galibi wani malami ne ko ɗalibin PhD da ke aikin bayan fage. Sharaɗin shi ne a kunna Track Changes, wato zaɓin Word mai bin sawun gyara, a ba ka fayil ɗin da ke nuna kowane gyara da jan layi. Wanda ya ƙi yin haka, ko dai bai gyara komai ba, ko ya zuba rubutun cikin manhaja ta sauya masa kalmomi.

Matsala tana farawa ne daga tambayar farko. Ka shiga ka ce kana son furofozal, sai ka saurari abin da za a tambaye ka. A shagon da ya san aiki za a ce: wane sashe, wace jami'a, kana da takardar ƙa'idar da makarantar ta fitar, me ka karanta a kan batun, ina za ka samo bayanai? A sauran kuwa amsar ita ce: "Ranka ya daɗe, wane kos ne? Muna da topik da yawa, ka zaɓa kawai. Jibi ka dawo." Sai a juyo maka da fuskar kwamfuta, ga folda cike da tsofaffin kundaye an jera su da sunan sashe. Daga nan ake yanko babi na ɗaya da na uku, a sauya sunan ƙaramar hukuma da shekara. Shi ya sa ake samun daftarin da takensa ke cewa Igabi, shafi na shida kuma yana bayanin yanayin damina a wani gari na kudancin ƙasar nan, an manta ba a goge ba.

Maudu'an folda ana gane su daga nesa. Faɗi ne ya yi musu yawa: tasirin kafofin sada zumunta ga karatun ɗalibai, tasirin rashin aikin yi ga tattalin arzikin Najeriya. Ba wanda zai iya gama irin wannan a wata goma sha takwas da kuɗin aljihunsa, kuma kwamitin sashe ya ga irinsa har ya gaji. Maudu'i mai shiga yana da wuri, da mutane, da lokaci. Ɗauki batun masaƙu. "Durƙushewar masaƙu a Najeriya" taken littafi ne. Amma tambayar wace sana'a tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri suka koma bayan rufe su, da yadda hakan ya shafi karatun 'ya'yansu, wannan bincike ne: mutanen suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa, ƙungiyar ma'aikatan masaƙu tana nan, tarihin kuma yana da mafari sananne tunda masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta fara aiki a 1957. Haka batun koyon sana'a a tsohuwar Panteka: shekara nawa yaro ke yi a hannun maigida, wa ke ba shi jari idan an yaye shi. Irin wannan ba ya cikin foldar kowa, sai wanda ya san garin ya zauna ya yi tunani.

Sashen da ya fi tona asirin aikin saye shi ne bayanin matsalar bincike. Abin da ake so a nan ƙarami ne: ga abin da aka sani, ga abin da ba a sani ba, ga dalilin da ya sa rashin sanin ke da illa. Sakin layi uku ko huɗu sun isa. Na shago yakan cika shafi biyu da kuka a kan halin da ƙasa ke ciki, ya rufe da cewa ba a yi bincike sosai a kan batun ba, ba tare da ambaton aiki ko ɗaya da aka duba aka ga gibinsa ba. Daga nan sai manufofi su rabu da tambayoyi: manufa biyar, tambaya huɗu, hasashe uku, kowanne na kallon gabansa. Mai duba aiki yakan ɗora yatsa a manufa ta ɗaya, ya nemi tambayarta, ya nemi kayan da za a auna ta da shi, ya nemi hanyar ƙididdigar da za ta amsa ta. Inda igiyar ta tsinke, nan zai tsaya da karatu. Manufa uku masu haɗe da juna sun wadatar a mastas.

Bitar ayyukan da suka gabata ita ce aka fi cika da ciko. Salon shago shi ne jeri: wane ya ce, wane ya ce, wance ta ce, ba a nuna inda suka saɓa ko inda suka tsaya ba. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 kuma, sai wata sabuwar cuta ta shigo, wato manazarta na ƙarya. Sunan marubuci mai kama da gaske, mujalla ta gaske, shekara da lambar shafi, amma maƙalar babu ita a duniya. Kafin ka biya cikon kuɗi, zauna a shagon ka ɗauki guda biyar daga jerin, ka liƙa taken kowanne a Google Scholar, ka gwada lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, a doi.org. Idan ɗaya ya ɓace, duka jerin abin tuhuma ne. Ka kuma ƙirga: duk sunan da aka ambata a cikin rubutu ya fito a jeri, duk wanda ke jeri an ambace shi a ciki. Tsofaffin kundaye da aka yanko sukan zo da jerinsu cikakke, sai ka ga manazarta arba'in alhali goma sha biyu kaɗai aka taɓa.

Tsarin manazartan ma yana nuna shekarun folda. Sassa da yawa na ilimi da zamantakewa suna bin tsarin rubuta manazarta na APA, kuma bugu na bakwai ya fito tun 2019. A cikinsa ba a sa garin da aka buga littafi, marubuta uku ko fiye ana taƙaita su da sunan na farko tun ambaton farko, jerin ƙarshe kuma yana ɗaukar sunaye har ashirin. Idan ka ga ana rubuta Ibadan ko Landan kafin sunan maɗaba'a, tsohon tsari ne, sai dai idan sashenku ne ya ce a yi hakan. Wannan aiki ba sai an biya kowa ba: Zotero, mai tsara manazarta, kyauta ne, yana shiga cikin Word, yana sauya tsari da dannawa ɗaya. Maƙalun Afirka kuma akwai su birjik a shafin mujallun Afirka na AJOL.

Abin takaici, shagunan ba sa tura kowa inda kayan suke. Mai binciken tarihi ko siyasa ko addini a Kaduna yana zaune kusa da taskoki biyu da mutane ke tasowa daga ƙasashen waje don su: Gidan Arewa a titin Rabah, cibiyar ABU da ke tsohon gidan Sardauna, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa mai ɗauke da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa. A Samaru ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da kundayen da aka kare a jami'ar. Daftarin da ya ambaci lambar fayil ɗaya da mai shi ya buɗe da hannunsa ya fi shafi goma na kwafe nauyi a idon kwamiti.

Sai hanyar gudanar da bincike, inda ake maimaita jimla ɗaya ga kowa: za a yi amfani da takardar tambayoyi, za a tantance da manhajar ƙididdiga ta SPSS. Ko tambayar tana buƙatar hira ko duba takardu, ba ruwansu. Lissafin yawan waɗanda za a tambaya shi ne wurin da ake yawan kama mutum. Dabaru biyu suka fi yawo: jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, da lissafin Taro Yamane na 1967. Idan jama'ar binciken 1,000 ne, jadawalin yana ba da 278, lissafin Yamane da kuskuren kashi 5 cikin ɗari yana ba da 286. Idan jama'ar sun yi yawa ƙwarai, jadawalin yana tsayawa a 384, na Yamane yana kusantar 400. To sai ka ga daftari ya ce jama'arsa malamai 150 ne, kuma zai raba takarda 384, wato fiye da mutanen da ke akwai. Ko a ɗauko alƙaluman ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi, a kawo su kamar na bana ba tare da an ce hasashe aka yi ko an nuna yadda aka yi shi ba. Ko a ce za a zaɓi mutane ta hanyar ƙuri'a alhali babu jerin sunayen da za a yi ƙuri'ar a kai. Masu binciken lafiya kuma ana manta musu da batun izinin kwamitin ɗa'a, wanda ba a taɓa majiyyaci ko fayil ɗinsa sai da shi, ko a asibitin Barau Dikko ne ko a na Shika.

Duk waɗannan ana iya gyara su a takarda. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ranar da aka zaunar da mutum gaban malamai. Tambayoyin ba masu wuya ba ne. "Malam, me ya sa ka zaɓi wannan ra'i ka bar wancan?" "Hajiya, wannan marubucin da kika ambata sau shida, me ya gano?" "Wannan 286 daga ina ta fito?" Wanda ya rubuta da kansa, ko da Turancinsa na tuntuɓe, zai amsa. Wanda ya saya sai ya hau juya shafi. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma malaman da suka gane hakan su ne za su duba kundinka shekara biyu ko uku masu zuwa. A ƙa'idar jami'o'i, miƙa aikin da wani ya rubuta da sunanka maguɗi ne, kuma hukuncinsa yana iya kaiwa ga janye gurbi.

Hidimar duba satar fasaha tana buƙatar dogon bayani, domin a nan ne mai gaskiya ma yake faɗawa rami. Shaguna da yawa suna sayar da rahoton Turnitin, manhajar da ke auna kamancen rubutu da na wasu, ta asusun wani malami ko wata makaranta. Manhajar tana da zaɓi biyu: ta ajiye takardar a rumbunta, ko kada ta ajiye. Idan aka ɗora daftarinka da zaɓin ajiya, ranar da jami'arka ta duba shi zai yi karo da kansa, adadin kamance ya tashi kusan ɗari bisa ɗari, kuma cire shi daga rumbun sai mai kula da asusun makarantar da aka yi amfani da shi ya nema. Ka tambaya kafin a ɗora, ka ga zaɓin da idonka. Na biyu, ka karɓi cikakken rahoto mai launuka da jerin tushe, ba hoton shafin farko ba, domin ana iya rage adadin ta hanyar cire manazarta da maganganun da aka ɗauko da ƙananan kamance, kuma kana buƙatar sanin me aka cire. Na uku, adadin ba hukunci ba ne. Kowace jami'a da iyakarta, kuma kashi goma da ya fito daga tushe ɗaya ya fi kashi ashirin da ya warwatsu a sunayen hukumomi da taken littattafai muni.

Akwai kuma masu tallar rage kamance. Wasu suna bi da rubutun ta manhajar sauya kalmomi irin QuillBot ba tare da sun karanta abin da ya fito ba, sai kalmomin fannin da ba a taɓa su su koma wasu abubuwa masu ban dariya. Wasu suna cusa haruffan wani harshe masu kama da na Turanci, ko fararen haruffa a tsakanin kalmomi. Turnitin yana nuna alamar irin wannan dabara, kuma malamin da ya gan ta ba zai ɗauke ta a kuskure ba. Tun 2023 manhajar tana kuma ba da hasashen rubutun da na'ura ta yi.

Ga masu neman waje, raunin shagunan ya fi fitowa fili, saboda suna ɗaukar kowace takarda a matsayin ƙaramin babi na ɗaya. Alhali daftarin PhD na jami'o'in Ingila gajere ne, galibi tsakanin kalmomi 1,000 da 3,000, kuma ana so ya dace da aikin wani malami da ke sashen, wanda ya kamata ka rubuta wa tun kafin ka cika fom. Takardar bayanin manufa kuwa labarin kanka ce da hujja: me ka yi, me ya kai ka ga wannan kos, me za ka yi da shi. Chevening tana tambaya a kan jagoranci da hulɗa da mutane da zaɓen kos da shirin aiki bayan dawowa, ana kuma bin amsoshin a hira. Masu neman digiri na farko a Birtaniya ta UCAS, cibiyar karɓar takardun neman gurbi, suna da haruffa 4,000 na bayanin manufa, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma daga masu shiga a 2026 an raba su zuwa tambayoyi uku. Maƙalar fom ɗin neman gurbi na Common App a Amurka ba ta wuce kalmomi 650. UCAS tana gwada kowace takarda da waɗanda aka taɓa turo mata, don haka samfurin da shago ya sayar wa mutum goma zai fallasa su goman. Ana gane irinsa da buɗewar da ke cewa tun yana yaro yake mafarkin wannan fanni.

Batun kuɗi: bugawa da gyara da shafi ake yi, rubutawa kuma a dunƙule, rabi kafin aiki. Ka tsayar da magana tun farko a kan sau nawa za a yi gyara kyauta bayan malami ya duba, domin a nan rigima take tashi. Ka karɓi fayil ɗin Word, ba PDF kaɗai ba, wasu suna riƙe shi don ka dawo. Ka tura ta imel maimakon filasha, kwamfutocin shago ba sa rabuwa da bairos mai ɓoye folda. Ka kuma ce a goge aikinka daga kwamfutar a gabanka, in ba haka ba shi ne zai zama topik ɗin da za a nuna wa na bayanka.

Idan shagon ne zai cika maka fom, kada ka yarda a sa imel ko lambar wayar mai shago. Ta nan ake turo gayyatar hira da lambar sauya kalmar sirri, kuma saƙon da ya faɗa akwatin wani ba lallai ya iso gare ka kafin wa'adi ba. Ka duba sunanka harafi da harafi ya dace da na NIN da fasfo da shaidar digiri. Shafukan jami'o'i suna iyakance girman fayil, don haka a matse PDF ɗin amma a buɗe a tabbatar hatimin taransikirif yana karantuwa. Ranar rufewa kuma shafin yakan yi nauyi, shago ya cika, wuta ta ɗauke, a tsaya jiran man janareta. Wa'adin ƙasashen waje da agogonsu ake lissafa shi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya daidai yake da namu, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya.